Rasuwar Laftof ɗin da ke Yi wa Malam Magana

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki, iyalan tsohon malamin lissafin nan na gidan ƙarshen layi suke sanar da 'yan uwa, maƙwabta da tsofaffin ɗalibai rasuwar laftof ɗinsa, wadda ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburin falo, bayan doguwar jinyar karayar ƙugu. Ta rasu da ƙuruciyarta, ko haruffan madannanta ba su goge ba.

Wanda bai san gidan ba zai ce mene ne abin sanarwa a mutuwar kwamfuta. To, marigayiyar ita ce bakin Malam. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, hannun dama ya daina aiki, harshe ya yi nauyi, mutumin da muryarsa ke kaiwa aji na gaba ya koma sai gyaɗa kai da girgiza shi. Ya gwada biro da hagu, rubutun ya fito kamar tafiyar tsutsa. Ya gwada waya, yatsan na rawa, in ya nufi harafi ɗaya sai ya danne na kusa da shi. Ana nan babbar 'yarsa, ma'aikaciyar jinya, ta shigo da marigayiya, ta sa mata manhajar da ke karanta duk abin da aka rubuta. Malam ya daɗe yana lalube da yatsa ɗaya, sannan wata muryar mace ta fito daga teburin ta ce, "Maman yara, shayin nan ba sukari." Matarsa ta yi dariya har da hawaye, ta ce ashe tsiyar tana nan, baki ne kawai ya tafi.

An shaidi marigayiya da haƙuri. Mutane, saboda ƙauna, sukan ƙarasa wa Malam zance tun bai kai rabi ba, kuma yawanci ba abin da yake nufi ke nan ba. Ita kam jira take yi har ya kai aya. Muryarta ba hawa ba sauka, tana karya harshe kamar baƙuwa, da yadda take faɗin "sannu da zuwa" da yadda take faɗin "ƙarya kake" duk ɗaya. Da ita Malam ya ci gaba da musun ƙwallo da telan maƙwabta. Da ita ya gaya wa likita ainihin inda ke masa ciwo. Da ita ma ya faɗa wa matarsa wasu maganganu masu taushi da bai taɓa faɗa ba lokacin da yake da bakin kansa. Aibinta kawai zafin jiki, da fankarta mai minshari.

Ciwon ajalin ya fara ne da wani ɗan "ƙas" duk lokacin da aka ɗaga murfi. Malam ne ya fara jin sa a tafin hannu. Sai tsaga ta bayyana a kusurwar hagu, a ƙugu, wato inda murfi ya haɗu da gangar jiki, siririya kamar gashi, tana ƙara baki a hankali. 'Yar ta ɗauke ta zuwa ofishin kamfanin da ya ƙera ta. Ma'aikacin da ya karɓe ta mai ladabi ne, ya juya marigayiya, ya duba, ya ce, "Yaya ake buɗe ta a gida?"

Ta ce, "Daga gefe, da hannu ɗaya. Hannu ɗaya gare shi."

Ya ce, "To ai shi ne, ranki ya daɗe. A ƙa'ida ta tsakiya ake ɗagawa, ɗaya hannun ya danne ƙasa. Wannan laifin riƙo ne, garanti bai shafe shi ba."

Da ta dawo ta so ta ɓoye, Malam ya tsare ta da ido har ta faɗa. Ya sunkuya ya yi ta dannawa, can muryar ta ce, "Ki ce musu su aiko min da ɗaya hannun." Tela ne kaɗai ya yi dariya, shi ma ya haɗiye ta.

Daga ranar Malam ya ɗauka shi ya karya ta. Ya daina rufe ta, sai dai a yafa mata kyalle, ta kwana a zaune kamar mai ciwon baya. An ɗaure ƙugun da salatif, an ɗura gam, duk ba su riƙe ba. Da aka kai ta wurin mai gyara, sai ya nuna wa 'yar wata kanta cike da 'yan uwan marigayiya, uwa ɗaya uba ɗaya, kowacce ta karye a wannan kusurwa, kuma masu su duk da hannu bibbiyu. Ya ce ƙarfen mahaɗar yana da tauri, an kuma ɗaure shi a jikin roba mai kaurin biskit, ko wa ya buɗe, robar ce za ta gaji. 'Yar ta sake komawa kamfani da hotuna. Suka gode mata da kasancewa tare da su, suka sanar da ita cewa sabon samfuri ya fito. Da aka ba Malam labarin kantar, ya daɗe yana kallon tsagar. An wanke shi daga laifi, amma marigayiya ba ta samu sauƙi ba.

Ranar Talatar, rana ce ta shigo ta taga ta haske gilashin marigayiya, Malam yana tsakiyar rubutu. Ya kai hannu ya ɗan karkata murfin, abin da bai wuce faɗin yatsa ba. Marigayiya ta yi ƙara ɗaya, murfin ya faɗa baya, ya tsinke wayoyin ciki, ya tsaga allon da ke ɗauke da ranta. Fankar ta yi shiru. Matarsa, wadda ke tsaye a bayansa, ta riga ta karanta abin da ya fara rubutawa: "Maman yara, idan na"

Ta ce, "Idan ka me, Malam?"

Ya buɗe baki, abin da ya fito ba kalma ba ne. Ta durƙusa ta yi ta kawo masa zato, idan ka warke, idan ka ga likita, idan ka yi barci, yana girgiza kai har wuya ya gaji. Daga baya ya gyaɗa wa ɗaya daga ciki, kuma ta san ba shi ba ne.

Marigayiya ta bar caja da ke nan da lafiyarta ba ta da wanda za ta shayar, da jaka, da linzamin kwamfuta da ba a taɓa amfani da shi ba, da ɗimbin 'yan uwa a hannun jama'a waɗanda ba su san abin da ke jiran su ba. Ta kuma bar Malam. Wadda za ta gaje ta kuwa babu ita a kusa, domin abin da ke shigowa gidan a kantin magani yake ƙarewa.

Za a kai gawar shagon mai gyara ranar Asabar da safe, inda zai cire batir da fanka ya ba 'yan uwanta masu sauran kwana, ragowar kuma ta hau kantar shagon. Kamfanin ba zai turo wakili ba. Ana karɓar gaisuwa a falo da yamma, Malam zai kasance a kujerarsa. Iyali na roƙon masu zuwa kada su ce ai sai a sayi wata. Wanda kuma zai gaisa da Malam, ya taimaka ya yi masa tambayar da za a iya amsawa da kai.