Faifan Sola a Kan Zaurenmu

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da bakina ya riga hankalina fita ba. Muna tsaye a ƙofar gidan su Nazifi, ba wanda ya tambaye ni komai, ba wanda ma ya kalle ni, na buɗe baki na ce, "Ai mu ma jibi za a sa muna sola." Kuskuren ke nan gaba ɗayansa. Bai kai ƙwayar gero girma ba, amma sai da ya tara mini dattawan unguwa.

Bari in koma baya kaɗan. Kafin taransifomar unguwarmu a Kaura ta ƙone, ni ne sarkin samarin layinmu. A zaurenmu ake kallon ƙwallo, domin mu ne masu talabijin. Ni ke riƙe da rimot, ni ke cewa wane ya zauna kan benci wane ya zauna ƙasa. Wanda ya yi mini gardama ranar Talata, ranar Asabar ta taga zai yi kallo. Nazifi kuwa, ajinmu ɗaya a sakandare, kullum can baya yake kusa da takalma, ko tari bai cika yi ba.

Sai ruwan farkon damina ya zo da iska, taransifoma ta yi wata ƙara kamar an harba bindigar salla, ta yi hayaƙi, ta yi shiru. Aka ce kwana biyu za a gyara. Kwana biyun nan har gero ya kai gwiwa ba su cika ba.

Kowa ya koma dabararsa. Randunan da aka jingine aka wanke su. Dutsen guga na gawayi ya fito daga ƙarƙashin gado (na ƙona wandon makaranta a wurin da ba zan faɗa ba). Mata suka riƙa bin layi a injin niƙa mai shan gas. Innata ta ce ita ba abin da ya canza mata, ko da can randa ta fi firji riƙon amana. Ni kuwa komai ya canza mini. Talabijin ɗinmu ta zama madubi, ita nake kallo ina taje kai.

Ana haka Alhaji Bala, baban Nazifi, wanda ke aiki a sakatariya, ya sa sola a gidansa. Faya-faye shuɗɗa suna ƙyalli a kan rufi kamar an shafa musu man gyaɗa. Aka sa tebur a zaurensu cike da soket, duk unguwa ta kwashi wayoyi ta nufi can. Aka kawo talabijin. Samarin da na raina da hannuna, waɗanda na koya wa sunayen 'yan wasa, suka watse suka bar ni da benci. Har Sadiku, babban abokina, wanda ya taɓa rantsuwa cewa ko wuta ta ɗauke har abada yana tare da ni. Na je na tarar da shi yana yi wa Nazifi fifita.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Nazifi bai ma iya sarautar ba. Kowa ya zo sai ya ce, "Shigo mana, akwai wuri." Ba ya korar kowa. An ba mutum rimot bai san abin da ake yi da shi ba! Ranar da ya ce mini, "Shigo ka zauna nan gaba," a ranar ne na yi waccan magana ta jibi.

Jibi kuwa ta zo, kamar yadda ta saba. Allah ya taimake ni (a lokacin haka na ɗauka), akwai wani mataccen faifan sola a bayan gidanmu. Kawuna ne ya kwaso shi daga kasuwar Shinkafi da niyyar ban ruwa, aka tarar ya tsage bai kawo komai, sai aka tare ƙofar rumbu da shi saboda awaki. Na wanke shi da omo, na goge shi da tsohuwar rigata, na hau da shi kan zaure da tsakar rana don kowa ya gani. Na juya tsagin wajen bango. Na ɗaura masa wayar wata tsohuwar rediyo, na zuro ta ta tagar ɗakina, na ɗaure bakinta a ƙafar gado.

Baba yana ƙauyen Banga wajen noma, sai Juma'a yake leƙowa. Inna ce ta fito ta ɗaga kai.

"Mi kake yi da murfin rumbuna can bisa?"

"Shanya shi nikai, Inna."

"Allah shi shirye ka," ta ce, ta koma ɗaki.

Kafin la'asar samari sun taru suna kallon sama. Sadiku ya ce a kunna talabijin. Na ce injiniya ya hana, sai batir ya saba da gidan tukun. Ya ce to fitila fa? Na ce tamu ta caji ce zalla, irin ta Nijar, ba ta ɓata ƙarfinta kan ƙananan abubuwa. Wallahi ina faɗa ina jin daɗin kaina. Sai ya zaro wayarsa ya miƙo mini. Wani ma ya miƙo. Na karɓa ina murmushi.

A nan ne ya kamata in tsaya. Maimakon haka sai na tuna da Kaka Ige.

Kaka Ige kakar Nazifi ce, ɗakinta na can ƙuryar gidansu, kuma an sa mata soket saboda fanka. Tun ina ƙarami take kirana mijinta. Matsalar ɗaya ce: ba hanyar zuwa ɗakinta sai ta zauren da Nazifi ke zaune. Amma duk wanda ya tashi a unguwa ya san yaron da ya ɗauko langa a rufe ba a tambayarsa ina za shi. Saƙon abinci ne tsakanin mata, ba ruwan maza. Na ɗauki babbar langar Inna mai furanni, na shimfiɗa tsumma, na jera wayoyi, na rufe. Na wuce ta gaban Nazifi ina ɓata fuska irin ta yaron da aka aika dole.

"Angona, mi ka kawo man?" in ji Kaka.

Na buɗe. Ta leƙa, ta dube ni.

"Wanga tuwo naku baƙi ƙirin."

Na ce wayoyin gidanmu ne, kunya nake ji in kai zaure. Ta ce gidanku ya yi albarka, har akuya ta yi waya. Amma ta nuna mini soket.

Haka aka fara. Da safe in karɓi wayoyi, da azahar in shiga da langa, bayan la'asar in koma ɗaukar langa. Sunana ya dawo. Aka fara cewa cajin solata ya fi na gidan Alhaji daɗewa a waya (wuta ɗaya, soket ɗaya, amma na ce musu ai ingancin faifai ne). Samari suka fara dawowa bencinmu ɗaya-ɗaya, suna jiran ranar da batir zai saba. Har na fara korar mutane kamar da. Matan gidan su Nazifi kuwa suna can suna ƙunƙuni, wai kullum langa na shiga ɗakin Kaka amma ko loma ba ta taɓa sammusu ba.

Sai ranar da Mai unguwa da kansa ya tsaya a ƙofarmu. Ya ce teburin Alhaji ya cika, an ce masa nawa ya fi sauri. Ya miƙo mini 'yar ƙaramar wayarsa mai tocila, wadda aka ɗaure da kyauro. Wayar nan duk Kaura an san kukanta. Carar zakara ce, kuma zakaran kamar yana riƙe da lasifikar masallaci. Na karɓa da hannu biyu. Na so a ce Nazifi yana wurin ya gani.

Da yamma na shiga ɗaukar langa, na kunna wayoyin ɗaya bayan ɗaya don in ga sun cika. Ina cikin kashe su Kaka ta ce in zira mata zare a allura, na zira, na rufe langa, na fito. Ban san cewa a zauren Alhaji aka sa taron maganar taransifoma ba. Na ɗaga labule na ga tabarmi cike. Liman, Mai unguwa, Alhaji Bala, dattawa har bakin ƙofa, samari a tsaye ta waje, Nazifi yana zuba ruwa a kofuna. Na durƙusa na gaishe su, langa a hannu, na fara rarrafawa ta gefe.

"Yauwa, ga ɗan halak nan," in ji Mai unguwa. "Lambar mai gyaran tana cikin wayata. Kai yaro, ruga gida ka cire man ita daga solarku."

Da na ce to na fita, da yanzu ba ni da labarin da zan ba ku. Amma gaban Nazifi ne, sai bakin nan nawa ya sake rigana.

"Ranka shi daɗe, ba a cire waya daga irin tamu da gaggawa. Sai ta huce."

Alhaji Bala ya ce, cikin kyakkyawar niyya, "To bari in kira ta mu ji. In ta shiga, ta samu cajin da za ta yi muna aiki da shi."

Na ga yatsansa yana tafiya kan waya. Na yi duk addu'ar da na iya, har da ta shiga kasuwa.

Zakara ya yi cara a cikin langa.

Ba ku san ƙarar waya ba sai kun ji ta cikin langar ƙarfe. Murfin har rawa yake. Liman ya janye ƙafarsa. Wani tsoho ya ce a'uzubillahi. Ni kuwa na danne murfin da hannu biyu, ina kallon bango, kamar ƙarar daga gidan maƙwabta take.

"Mi ke cikin langar ga?" in ji Mai unguwa.

"Miya ce."

"Miyar zakara, awo. Ga shi ko bai mutu ba. Buɗe mu gani."

Na buɗe. Wayoyi reras kan tsumma, tasa a sama tana walƙiya. Sadiku ya leƙo ta ƙofa ya ce, "La! Ga tawa can!" Daga cikin gida kuma muryar Kaka Ige ta taso, ita da ake cewa ba ta ji sosai: "Ku bar man angona! Kullum nan yaka cajinshi, bai taɓa ɓata man soket ba!"

Dariyar da aka yi, na tabbata an ji ta a Zurmi. Liman yana share hawaye da gefen rawani. Mai unguwa ya ɗauki wayarsa, ya shinshina, ya ce gishiri bai ji ba. Alhaji ya tambaya, to abin da ke kan zaurenku fa? Kafin in yi ƙarya ta gaba wani yaro ya ce murfin rumbu ne, shi ya sa awaki suka shiga dawar gidanmu shekaranjiya. (Wannan kuma ni da Baba muka tattauna shi ranar Juma'a. Ba zan shiga bayani ba.)

Duk zauren mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Nazifi ya matso ya ce mini a hankali, "Ai da ka kawo su tebur, akwai wuri." Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Abin da na koya bai da yawa: in za ka yi hassadar mutum, kada ka yi ta da wutar gidansu. Kuma in ka ji bakinka zai ce "mu ma," ka cusa masa ƙuli-ƙuli.

Sai bayan an yanke gero aka kawo sabuwar taransifoma. Na share zaure, na goge talabijin, na zauna da rimot. Samari sun zo kuwa, suna kirana Injiniya Langa, na haƙura. Ana dawowa hutun rabin lokaci aka ɗauke wuta. Kowa ya miƙe ya nufi gidan su Nazifi. Ni na ɗauko musu bencin.