Ranar da Na Koya wa Baba Isiyaka Auna Albarushi

Akwai ranar da ba zan taɓa mantawa da ita ba, ko da yake na sha ƙoƙarin mantawar. A lokacin ina shekara ta huɗu a Jidda, na zo daga Sudan, ina aikin ƙarfe a warshar, wato shagon gyara, na wani Mu'allim Bukari a unguwar Ammariyya. Famfo da makullai muka fi gyarawa, amma jefi-jefi akan kawo bindigar farauta. Da yake na taɓa kwance guda biyu na mayar ba a samu ragowar ƙusa ba, sai na fara kallon kaina a matsayin gwani.

Baba Isiyaka haifaffen unguwar Karantina ne a nan Jidda, kakansa ya zo hajji a ƙafa bai koma ba. Yana da tsohuwar bindiga mai takardar izini, yakan fita farautar zomo da barewa idan zafi ya sauka. Harsashi na wuyar samu, don haka shi yake sake ɗura nasa: ya tara kwanson harsashin da ya harba, ya sa sabuwar kabsula (ɗan maɓallin nan na gindin harsashi mai tayar da wuta), ya auna albarushi a ƙaramin sikeli. Tun kafin a haife ni yake wannan aiki.

Wata rana ya kawo bindigar, allurar da ke dukan kabsula tana ɗan maƙalewa. Mu'allim ya tafi Makka. Wanki da mai kawai bindigar take so, amma na ga wannan ya yi wa gwani kaɗan. Na zare tirbas, wato ƙarfen da ke tura harsashi ya toshe bayansa, na faɗaɗa ramin allurar da abin huji, na bi fuskar da magagari har tana ƙyalli. Ban gaya wa kowa ba.

Bayan mako uku ya dawo da la'asar tare da babban ɗansa Abdurrahman, ya zube kwanso biyar a kan tebur. Kowace kabsula ta tashi, ta yi leɓe kewaye da inda allura ta buga. Na taɓa jin Mu'allim yana cewa wannan alamar albarushi ne ya yi yawa, sai na gyara murya. Akwai mutum huɗu suna shan shayi a bakin ƙofa (wannan ne ya ƙara mini ƙarfi). Na ce wa Baba Isiyaka ya cika albarushi, wata rana bindigar za ta fashe masa a fuska. Na ce girma ya zo, ido ya rage, hannu na rawa. Ya yi ƙoƙarin gaya mini cewa tirbas ɗin na buɗewa salin-alin, kuma gefen kabsular bai baje ba, wato ba albarushi ne ya yi yawa ba, na katse shi.

Da Abdurrahman ya gama saurare, sai ya ce, "Halas, Baba, an gama farauta." A daren ya kulle sikelin a akwatinsa. Na ji daga baya cewa tsohon ya yi kwana goma bai fito zaman majalisa ba, don labari ya zagaye Karantina cewa ya fara ruɗewa.

Da ya sake zuwa, Mu'allim na nan, masu shayi ma suna nan. Ya kwance ƙyalle, ya jera kwanso kashi biyu. Kashi na farko na bara ne, ɗurinsa, awo ɗaya, kabsulunsu lafiya lau. Kashi na biyu harsashin kamfani ne da ya roƙo wajen abokinsa, bai taɓa cikinsu ba, a bindigar kawai ya harba. Su ma duk sun yi leɓen.

Mu'allim ya zare tirbas ya sa madubin dubawa. Ya daɗe. Sai ya nuna mana wani siririn zane a gindin kowane sabon kwanso, wuri ɗaya, ya kuma nuna irinsa a fuskar tirbas, inda magagari ya karce. Ya bayyana cewa idan rami ya fi allura faɗi, kabsula takan kutsa cikin sararin ko da awo daidai yake. Bai ɗaga kai ba ya tambaya wa ya taɓa ramin.

Na ce ni ne, da muryar da ni kaina ban ji sosai ba. Wani daga masu shayi ya ƙware, ya kama tari.

Baba Isiyaka bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da na fi jin sauƙi. Ya naɗe ƙyallensa ya ce, "Ya waladi, bindiga dai Mu'allim zai gyara. Ɗana kuwa kai ka yi masa bayani, kai za ka je ka warware."

Na je Karantina bayan sallar Juma'a, na maimaita bayanin Mu'allim da laifina a gaban Abdurrahman da rabin majalisa, aka fito da sikeli. Tsohon ya yi farauta shekara shida bayan nan, kuma duk zomon da ya aiko mini na ci shi kaina a sunkuye.

Tun daga ranar, idan aka kawo mini abin da ya lalace, kafin in tambayi mai shi me ya yi masa, nakan fara tuna wa ya gyara shi na ƙarshe. Amsar ba kullum take yi mini daɗi ba.