Ranar da Na'urata Ta Kama Ni da Cinyar Zabuwa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je saka wa surukina na'urar kama ɓarawo ba, ko na so in manta ma mutanen Kurfi ba za su bar ni ba.

Ni dai ɗan shago gare ni a Dutsin-Ma, kusa da kasuwa. Ina haɗa wa mutane wutar sola, ina gyaran fanka da caja, abin da ya samu dai. Surukina kuwa, Alhaji Mamman, babban ɗan kasuwar hatsi ne a Kurfi, mutum mai kwarjini da ba ya yawan magana. Tun da na auri ɗiyarsa Nafisa bai taɓa yi mini abin ƙi ba, amma kuma bai taɓa sakin jiki da ni ba. In na durƙusa na gaishe shi sai ya amsa, ya tambayi aiki, shi ke nan an gama. Abin yana ci mini rai ƙwarai, domin na san a zuciyarsa kallon mai ƙulle-ƙullen waya yake yi mini, alhali sauran surukansa daga malamin jami'a sai mai motocin ɗaukar kaya.

Ana nan sai Nafisa ta ba ni labarin cewa ana yi wa Baba ɗauki ɗai-ɗai a siton da ke jikin zaurensa. Yau a ga buhun wake ya rame, gobe a nemi na gero a rasa. Nan take na bugi ƙirji na ce an zo wurin, ta gaya wa Baba ya kwantar da hankalinsa. Na yi odar wata na'ura mai gane motsin mutum, wadda ba ta buƙatar a ja mata waya. 'Yar farar aba ce kamar sabulun wanka, ana kafa ta a bango, da ta ga motsi sai ta aika wa uwar na'urar da ke wani ɗaki, ita kuma ta saki jiniya. (In gaya muku gaskiya ban taɓa saka irinta ba. A waya na kalli yadda ake yi, har cajina ya ƙare.)

Ranar da za mu tafi, tun kafin mu hau babur Nafisa ta riƙe hannun rigata ta ce, "Baban Ummi, don Allah ka kama kanka a gaban Baba. Yau nake so ya san wa na aura." Na ce mata ta zuba ido kawai. Na ci farar shadda kamar mai zuwa ɗaurin aure, ba mai zuwa hawa tsani ba. Saboda ɗoki ko kokon safe ban tsaya sha ba, duk da ta yi ta fama da ni.

Da muka isa, ita ta shige cikin gida wurin mata, ni kuma na baje kayan aiki a sito. Na zaci Alhaji zai nuna mini wuri ya tafi harkarsa. Ina! Sai ya sa aka shimfiɗa masa buzu a kan buhun masara, ya zauna yana jan carbi yana kallona. Ni kuwa da na ga na samu mai kallo sai na shiga bayani kamar ni na ƙera abin. Na saka batir, na haɗa ta da uwar na'urar da muka ajiye a ɗakin Alhaji, na hau tsani na kafa ta can sama a kusurwa inda take hango ƙofa da dukkan buhuna. Na bayyana masa cewa ba a juya fuskarta wajen taga, don zafin rana yana ruɗa ta. Sannan na sa ta a yanayin gwaji, na riƙa zirga-zirga a gabanta, ina tafiya ina sanɗa har da rarrafe, ita kuma tana ƙifta 'yar jar wuta duk inda na motsa. Alhaji ya ce, "Ikon Allah." Wallahi a raina ji na yi kamar an naɗa mini rawani.

Muna cikin haka aka aiko da abinci daga cikin gida. Dambu ne da zogale, an zuba masa man gyaɗa, ga soyayyar zabuwa a wani kwano, ga fura da nono a ƙwarya an rufe da faifai. Tun kafin a dire, ƙamshin ya riga ya gama da ni. Alhaji ya ce in sauko in ci. To kun dai san al'adarmu, wane suruki ne zai zauna ya buɗe ciki, uban matarsa na zaune a kansa? Na sunkuyar da kai na ce alhamdu lillahi, sai da na ƙoshi na taho. Ya sake cewa in taɓa ko kaɗan ne, na ce Allah a ƙoshe nake. Ya gyaɗa kai, har na ga alamar abin ya burge shi. Aka tura kwanukan gefe, jikin buhunan wake, ni kuma cikina ya shiga kiran ciroma a hankali.

Na ci gaba da aiki ina haɗiyar miyau. Na hau saman zaure na ɗaure jiniyar, da gangan na juya bakinta wajen masallacin unguwa don kowa ya ji. Da muka gwada ta, ƙarar ta sa awaki suka tsinke igiya, maƙwabta suka fito a firgice. Kun san halin da yankinmu yake ciki na 'yan bindiga, ƙara kaɗan ma sai gaban kowa ya faɗi. Alhaji ya ba su haƙuri ya ce wannan gwaji ne, amma duk ranar da suka sake jin ta to ba gwaji ba ne, kowa ya fito da abin da ke hannunsa.

Daga nan na damƙa masa ɗan rimot ɗin na'urar, na nuna masa madannin kunnawa da na kashewa. Na jaddada masa, na sake jaddadawa, cewa duk lokacin da zai bar ƙofar gida, ko nan da masallaci ne, ya danna na kunnawa. Na ce ya zaɓi lambobin sirri na uwar na'ura, har da juya baya na rufe ido don ya ga ni mai amana ne. Akwai wata 'yar ƙara da take yi in an kunna, wannan ma na kashe ta, na ce ai bai kamata ɓarawo ya san lokacin da aka ɗana masa tarko ba. (Ku riƙe wannan hikimar tawa, ni kaɗai na yi abina ba wanda ya sa ni.)

Aka kira azahar. Alhaji ya miƙe ya ce mu je. Na ce ya yi gaba, zan tattara kayan aiki in yi alwala in biyo shi, ya bar mini ƙofar sito a buɗe don tsanina na ciki. Na zagaya na yi alwala kuwa. Na fito, na duba gabas na duba yamma, ba kowa a ƙofar gida, duk maza sun nufi masallaci, ba a kuma tayar da iƙama ba tukuna. Sai zuciya ta ce mini, kai wane, loma biyu fa ba za ta nuna ba, ka gyara saman dambun ka mayar da murfi, wa zai sani? Yunwa ba ta san surukuta ba. Na faɗa sito na turo ƙofa.

Ina shiga 'yar jar wutar ta ƙifta. Na ɗaga kai na kalle ta, har da yi mata murmushi, a zatona dai har yanzu a yanayin gwaji take. Ashe Alhaji ɗalibi ne mai riƙe karatu. Yana saka takalmi ya danna madannin a aljihunsa kamar yadda na koya masa. Ɗan jinkirin da na saita don mai gida ya samu ya kashe in ya shiga, shi ya ba ni damar tsugunawa, na buɗe kwano, na cika baki da dambu, na ɗauki cinyar zabuwa na kai mata cizo ɗaya.

Sai jiniya ta tsage.

Jama'a, na san ƙarar nan, ni na ɗaure ta da hannuna, amma sai da na zabura. Na miƙe zumbur. In gudu, na zama ɓarawo sosai, kuma a irin wannan rana kafin a gane fuskarka an farfasa maka kai. In kashe, rimot na aljihun Alhaji, uwar na'ura na ɗakinsa a kulle, lambobin sirri kuwa ni na rufe idona da kaina. Cikin ruɗewa na cusa cinyar zabuwar a aljihun farar shaddata, na haye tsani na kama na'urar ina ƙoƙarin ɓalle batir, alhali na fi kowa sanin cewa ko na cire shi, jiniyar ba za ta yi shiru ba. Dambun kuma ya ƙi wucewa, ya tsaya mini a baki kamar na ɗebi yashi.

A haka aka banko ƙofa. Mutanen masallaci ne kaf, yawanci ko takalmi babu, wani da gora, wani da adda, ladan da sandar liman. Daga cikin gida ina jiyo kukan yara da salatin mata. Alhaji ya ratso su ya shigo yana haki, ya danna rimot, wuri ya yi tsit. Wallahi da na san yadda shirun nan zai kasance, da na roƙe shi ya bar jiniyar ta ci gaba.

Wani daga baya ya tambaya ina ɓarawon ya bi. Na buɗe baki zan ce gwaji nake yi, sai dambu ya yi feshi a kan hular wanda ke gaba. Alhaji ya kalli kwanon da ke buɗe, ya kalli shatin yatsuna na mai a jikin farar na'urar, ya kalli aljihuna da ya jiƙe da mai ƙashi ya leƙo waje. Sannan ya juya ga jama'a, fuskarsa ba yabo ba fallasa, ya ce, "Ku yi haƙuri, gwaji ne. Ni na ce ya ƙara gwadawa."

Dattijo ke nan, ya so ya rufa mini asiri. Har mutane sun fara sauke sanduna, sai ga Iya, mahaifiyar Alhaji, tsohuwar da ke kirana angonta tana tsokanata duk lokacin da na zo. Ta kutso da taɓarya a hannu, ta ɗaga kai ta gan ni a kan tsani, ta leƙa kwano.

"Au, ashe angona ne ɓarawon? Da hannuna na turara dambun nan aka ce mini ka ƙoshi. Alhaji, ai da kun bar shi ya haɗiye tukuna."

Dariyar da aka yi har da masu riƙe ciki. Ni ba dariyar ce ta kashe ni ba. Can bayan mata na hango Nafisa, ta goya Ummi a karkace saboda gudu, ta kalle ni sau ɗaya, ta ja hijabi ta rufe fuska ta koma ciki. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, har da tsanin.

Haka na bi su masallaci, don ba halin in ce ba ni zuwa. Na tsaya a sahu da cinyar zabuwa a aljihu, ƙamshi na tashi, kafaɗar wanda ke kusa da ni sai rawa take yi har aka sallame. Allah dai Ya karɓi sallar nan tamu.

Da muka dawo na fara haɗa kaya da niyyar in sulale. Alhaji ya kira ni zaure. Na tarar an kwaso kwanukan an jere a kan tabarma, har an ƙaro wata zabuwar. Na durƙusa ina ta in-ina, ina neman kalmar ban haƙuri. Bai bari na kai ƙarshe ba. Ya zaro rimot ya danna a gabana yadda zan gani, ya ce, "Tau, na kashe. Zauna ka ci abincinka. Nan gidanku ne, ba a satar abin da aka ba ka." Ya fita ya ja mini ƙofa. Na ci, don ƙin ci a lokacin ya fi ci muni, amma ban taɓa cin abincin da ya yi mini ɗaci irin wannan ba.

Muka kama hanyar komawa Dutsin-Ma har muka kusa shiga gari. Sannan Nafisa ta ce, a sanyaye, "To, yau dai Baba ya san wa na aura."

Na'ura kam tana nan tana aiki, ɗauki ɗai-ɗai ya tsaya cak, don duk Kurfi an ji labarin cewa ko wanda ya kafa ta ba ta ƙyale ba. Alhaji ma yanzu yana hira da ni, har da dariya, sai dai ba ta hanyar da na so na samu hakan ba. Duk ranar da na je gaishe shi aka kawo abinci, sai ya laluba aljihu ya danna rimot ya tura mini kwano. Ni kuma na riga na ɗauki karatu. In za ka yi wa surukai kunya, ka tabbata ka cika cikinka tun daga gida. In kuwa da yunwa ka je, to ka wanke hannu ka ci a gabansu, don gara mutum ɗaya ya ga lomarka da a tara maka unguwa da sanduna.