Ranar da na maƙale a turken sadarwa

Akwai wata Laraba da ba zan taɓa mantawa da ita ba, a wajajen ƙarshen shekarun casa'in, ina sabon ma'aikaci a ofishin tsara gari. Wani kamfani ya nemi izinin ƙara tsawon turken sadarwarsa da ke Badarawa, saboda wayoyin tafi-da-gidanka na manya ba sa kamawa sosai. (Lokacin ni ko taɓa irin wayar ban yi ba.)

Kwamitinmu ya kusa sa hannu, sai na ɗaga yatsa. Na ce turken nan a tsakiyar gidajen mutane yake, bai kamata a ɗora masa ƙarin nauyi ba sai wani ya duba shi da idonsa. Oganmu, Alhaji Sabo, ya dube ni ta saman tabarau ya ce tunda ni na kawo shawarar, ni zan je.

Injiniyan kamfanin, wani dattijo mai suna Bitrus, ya tarbe ni a gindin turken. Ya ce daga ƙasa ma ana iya dubawa. Na ce masa mu a makaranta ba haka aka koya mana ba. Bai yi musu ba, ya ɗaura min bel ɗin kariya, na fara hawa ina taƙama.

Na kai wajen rabi sai na yi kuskuren kallon ƙasa. Rufin kwanon unguwar ya fara juyawa. Ƙafafuna suka ƙi gaba, suka ƙi baya. Na rungume ƙarfe, na manna fuskata a jikinsa, na karanto duk addu'ar da na sani (har da ta cin abinci, Allah ya yafe min). Takalmina ɗaya ya suɓuce ya faɗa tsakar gidan wata tsohuwa, Mama Saratu, wadda katangarta ke jingine da shingen turken. Ta fito, matan layin suka biyo ta.

"Ɗana, idan kuka za ka yi, ka yi, ba mai gaya wa matarka," in ji ta.

Oga Bitrus ne ya hau ya sauko da ni, yana kama dugadugaina yana ɗora su a matakala ɗaya bayan ɗaya, kamar mai koya wa jinjiri tafiya.

Amma rabin awar nan da na yi hancina manne da ƙarfe, abin da ke gaban idona wata mahaɗa ce da tsatsa ta cinye. Noti ɗaya ma da yatsu na kwance shi. Na nuna wa Oga Bitrus, ya sake hawa shi kaɗai. Da ya sauko fuskarsa ta canza.

Labarin kukana (ban yi ba, iska ce) ya riga ni isa ofis. Ana cikin dariya na ajiye notin a kan tebur. Alhaji Sabo ya jujjuya shi, ya rufe fayil, ya ce ba ƙarin ko taku ɗaya sai an sake mahaɗun gaba ɗaya. Haka kuwa aka yi, kafin damina.

Na tabbata da jarumi ne ni, da na wuce wurin nan ban gani ba. Har na yi ritaya ban taɓa sa hannu a takardar turken da ba a hau an duba ba. Sai dai ni daga ƙasa nake ba da umarni.