Kofin da ya ɗan zauna bisa teburina

Shekarar da ƙwallon kwando ya iso makarantarmu a Dutsin-Ma, ni kaɗai ne malamin da ya mallaki littafin dokokinsa. Bangon kam na karanta shi sosai. Don haka ranar wasan ƙarshe da Kurfi, ni aka damƙa wa allo da alli.

Duk ƙwallon da ya faɗa kwando sai in ja layi ɗaya, yadda muka saba a tamaula. Mu goma, su tara. Na yi shela, aka ɗora kofin bisa teburina, har na goge shi da bakin rigata.

Sai Malam Sani na Kurfi ya matso. "Ranka ya daɗe, ɗan ara mani littafin nan." Ya buɗe: jifa cikin wasa maki biyu ne, jifan da ake bayarwa in an yi ƙeta kuwa maki ɗaya. Rabin namu na ƙeta ne, nasu babu ko guda. Aka sake lissafi: mu sha biyar, su sha takwas.

A keke kofin ya tafi Kurfi, bai sake dawowa ba. Har yau ina jin sanyinsa a tafin hannuna.

Duk mun yi furfura, amma da na leƙa Kurfi sai in ji: "Malam Ɗaya-ɗaya, shigo ka gaida kofinka!"