Rasuwar Layin da Ke Tsamo Lambobi

Da zuciya cike da baƙin ciki, da wani abu kuma da ya fi baƙin ciki ɗaci, ana sanar da rasuwar layin nan guda na regex, wato ɗan umarnin kwamfuta mai tsamo abu daga cikin rubutu, wanda Anti, babbar mai rubuta manhaja a ofis, ta haifa da yatsunta tun teburinta na bakin ƙofa.

Marigayin ba kyakkyawa ba ne. Duk wanda ya leƙa shi sai ya ce kaza ce ta bi ta kan kibod. Amma aikinsa guda ne, kuma ya iya shi. Ma'aikatan asibitocin ƙauye kan turo saƙon waya su faɗi sanyin firjin rigakafi, kowa da irin surutunsa: gaisuwa, kukan rashin wuta, sai can ƙarshe lamba. Shi kuwa ya ratsa surutun ya tsamo ta. Mai sa waƙafi a gurbin ɗigo, ya san halinsa. Mai manne lamba da harafi, ya yi haƙuri da shi. In sanyi ya wuce ƙa'ida sai ya yi "ƙit-ƙit", Anti ta ɗaga waya ta kira asibitin. Shekara da shekaru ba wanda ya ce masa sannu.

Jinyar ba ta yi tsawo ba. An raba wa ma'aikata sababbin wayoyi masu iyayi, waɗanda ke tsawaita alamar ragewa, gajerar sandar nan da ake sa wa lamba don nuna ƙasa da sifili. Marigayin gajera ya sani. Aka turo uku ƙasa da sifili, ya karanta uku, ya yi shiru. Rigakafin firji guda ya daskare, uwaye suka koma gida da jarirai ba allura.

Maganin alama ɗaya ce tal. Anti ta roƙa a bar ta ta ƙara, Oga, shugaban ofis, ya ce ya riga ya sayo sabuwar manhaja daga waje. Ran nan ne ma ya fara jin akwai marigayin a duniya, kuma wannan ya fi komai ci mata rai.

Ya rasu ya bar Anti, da firji marayu a ƙauyuka, da magaji mai tsada. Anti ta gwada magajin, shi ma bai san doguwar sandar ba. Ta faɗa wa Oga, ya ce zafin rashi ne ke damunta.

Za a yi jana'iza gobe bayan taron safe. Oga ya ce Anti ce za ta danna maɓallin gogewa da hannunta, tunda ita ta san inda yake kwance. Babu zaman makoki. Mai niyyar ta'aziyya ya wuce asibitin ƙauyensu, ya buɗe firji ya duba da idonsa.