Ɗaurin Kawu Injiniya

Wanda bai ga Kawu Injiniya riƙe da sifana ba, bai ga ilimi tsaye da ƙafafunsa ba. Shekara talatin ya yi yana buga hatimi a takardun motoci, kuma ta nan, in ji shi, kanikanci ya shige masa jini. Mota ko tari ta yi, daga nesa zai faɗi ciwonta. In bai dace ba, laifin motar ne.

Wannan baiwa ce ta faɗo a kan ɗan ƙanwarsa, wanda ya gama jami'a bana, Kawu ke kiransa Mai Digiri. Wata takwas ya yi yana haɗa injin ƙyanƙyasar ƙwai a bayan kicin. Ƙarfe goma na safiyar nan wani kamfanin kaji zai duba injin, in ya yi musu su ɗauke shi aiki. An ɗora injin a ƙaramar tirela. Saura a ɗaura ƙwallon ƙarfen da za a maƙala ta a bayan motar Kawu.

Mai Digiri ya buɗe takardar bayani. "Kawu, sun ce a fara sa washa, sannan noti, a ɗaure da sifana mai awo. Makaniken bakin layi yana da ita."

"Makanike? Ina tsaye?" Kawu ya bugi damtsensa. "Ga awo nan!"

Ya ɗaga washar, irin mai tsagar nan da ke hana noti kwancewa, ya ƙare mata kallo. "Dubi, karyayya suka sayar maka. Da ba na nan fa?" Ya cilla ta kwata.

Sai aka shiga aiki. Kawu ya tuɓe agogo, ya durƙusa, ya kama murɗa noti yana ƙirgawa da ƙarfi don maƙwabta su ƙaru. Ƙwallon kuwa, da yake babu mai riƙe shi ta sama, sai ya yi ta bin notin suna juyawa tare, abinsu gwanin sha'awa.

"Kawu, kamar ƙwallon ma yana..."

"Arba'in! Ko kamfanin da ya ƙera shi bai kai arba'in ba."

Sarƙar kariya kuma, mai riƙe tirela in ƙwallo ya kwance, Kawu ya ce ta masu shakka ce.

Suna fita ƙofar gida motar ta taka tudu, aka ji ƙwal!

"Ya zauna ke nan," in ji Kawu.

Mai Digiri ya so ya waiwaya. Kawu ya ce waiwaye raini ne. Madubin tsakiya kuwa dama tun da aka sayi motar fuskar Kawu yake kallo.

"Ka ji yadda take tafiya? Kamar ba ma jan komai. Haka ɗaurin gwani yake, ɗana. Wannan ba a koyar da shi a jami'a."

Goma saura kwata suka tsaya a ƙofar kamfanin. Mai gadi ya leƙa bayan motar, ya leƙa cikinta.

"Ranka ya daɗe, ina kayan?"

Inda ƙwallo yake, rami ne kawai. Mai Digiri ya zauna daɓas a bakin titi, wata takwas na yi masa yawo a ido.

Saura minti uku sai ga tsohuwar motar makanike tana hayaƙi, Mama, mahaifiyar Mai Digiri, a gaba, tirela a baya da sarƙarta. A ƙofar gida Mama ta tsince ta, ta tsamo washar daga kwata da ludayi.

"Yaya, kun iso lafiya?" ta ce. "Kaya bai yi muku nauyi ba dai ko?"

Mai Digiri ya samu aikin, sai dai har yau ko cokali ya faɗi sai ya waiwaya. Kawu kuwa yana nan yana ba da labarin ranar da ya ja tirela ko gezau motarsa ba ta yi ba. Kuma a yi masa adalci: ko tirelar ma ba ta yi gezau ba.